Littafin bashin mai awo: yadda wani gida a Maradi ya raba gado

A ƙarshen 2023 wani dattijo mai awon hatsi ya rasu a Maradi. Ya bar mata 2, 'ya'ya 8, gida, mangaza (ɗakin ajiyar hatsi) biyu da gona a ƙauyensu. Dukiyar ba ta kai a yi rigima a kanta ba, gidan kuma ba a san shi da hayaniya ba. Duk da haka sai da aka shafe wata huɗu ba a raba gadon ba, saboda wani littafi, irin kayen nan na 'yan lakwal, wato makarantar boko, da aka tsinta a ƙasan akwatinsa bayan sadakar bakwai. Ina cikin waɗanda suka zauna zaman sulhun, a matsayin maƙwabci da ya daɗe da gidan. Iyalin sun yarda in rubuta abin da ya gudana, bisa sharaɗin kada in kama sunan kowa, kuma zan cika musu wannan sharaɗi.

Marigayin da sana'arsa

Ya shigo Maradi yana saurayi daga wani ƙauye na yankin Madarunfa, bayan farin 1973 da 1974 da ya ƙarar da dabbobi ya koro mutane birni. Lokacin nan cinikin gyaɗa, wanda ya ɗaga alhazan Maradi na farko tun zamanin Turawa har zuwa zamanin kamfanin cinikin gyaɗa na SONARA da aka kafa a 1962, ya fara ja da baya. Masu kuɗi sun juya ga hatsi da safarar kaya tsakaninsu da Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Yaron da ba shi da jari ƙofa ɗaya gare shi: ya zama baran wani ubangida. Ubangida zai danƙa maka kuɗi, ka tafi kasuwar Cadawa ko Sabon Mashi ka sayo gero da dawa da wake, ka dawo ka ce ga abin da na sayo, ga canji. Babu takarda, babu sa hannu. In aka kama ka da ha'inci sau ɗaya, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka. In ka daɗe ba a same ka da komai ba, ubangida ya yi maka aure, ya ba ka jari, ya sallame ka.

An sallami marigayin ana dab da yunwar 1984, wadda mutanen nan ke kira El Buhari don ta zo daidai da rufe iyaka da gwamnatin Janar Buhari ta yi. Ya ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Ya ga sa'o'insa da suka yi baranta tare sun zama manyan alhazai masu tireloli. Shi kuwa bai wuce mai awo ba, mai mangaza biyu da rumfa guda, sai aikin hajji da ya samu ya sauke sau ɗaya. A kasuwa ana girmama shi, amma akwai masu cewa a bayan idonsa, mutumin kirki ne, sai dai bai iya neman kuɗi ba.

Abin da aka fi saninsa da shi tiyarsa ce. Ga wanda bai sani ba, tiya ita ce kwanon awonmu, tana ɗaukar wajen kilo biyu da rabi na gero, tiya 40 ke cika babban buhu. Duk wanda ya tashi a kasuwa ya san dabarun da ake yi da ita. Wani yana da tiya biyu, babba ta saye a ƙauye, ƙarama ta sayarwa a birni. Wani ya bubbuge gindinta ta loma ciki. Wani kuma hannunsa ne ya ƙware, kafin ya juye a buhun mai saye ya girgiza tozon ya zube a tarinsa. Marigayin da tiya ɗaya ya yi saye da sayarwa, har bakinta ya cinye, ya kai wa maƙeri ya ɗaure ta da waya.

Babban ɗansa ya ba mu labarin ranar da aka fara barinsa shi kaɗai a rumfa, yana da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Wata tsohuwa ta zo awon tiya biyu. Ya ga yadda yaran rumfar maƙwabta ke yi, sai shi ma ya karkata hannu kaɗan wajen juyewa, tozon ya koma tari. Bai san Baba ya dawo daga masallaci yana tsaye bayansa ba. Dattijon bai ce masa uffan ba. Ya karɓi ƙullin tsohuwar, ya kwance, ya zazzage geron a tabarma, ya tsuguna ya sake aunawa a gaban yaron, yana tara tozon da tafin hannu har ƙwayoyi na gangarowa, ya juye a hankali, ya ɗebi gyara da hannu biyu ya ƙara mata, ya ɗaure ya miƙa mata yana cewa ta gaida gida. Sannan ya miƙa wa yaron tiyar ya koma ya zauna. Har suka tashi kasuwa, har suka ci tuwon dare, bai tada maganar ba, kuma bai taɓa tada ta ba har ya koma ga Allah. Ɗan ya ce da ma dukansa ya yi, da ya fi sauƙi.

Haka tarbiyyarsa take. Ba mai yawan magana ba ne, 'ya'yansa takwas ba wanda ya iya tuno ranar da ya zaunar da su ya yi musu wa'azi. Sun dai ga abin da yake yi.

Abin da littafin ya ƙunsa

Marigayin bai yi lakwal ba, da ajami yake rubutu. 'Yarsa ta biyu, malamar makaranta ce a ɗaya daga cikin unguwannin garin, ita ta zauna ta karanto littafin shafi bayan shafi, ƙanenta yana kwafewa da boko. Kashi uku ne. Na farko, bashin da ake binsa, kaɗan ne ƙwarai. Na biyu, ajiyar mutane: kuɗin da matan ƙauye, makiyaya da 'yan ci-rani ke ba shi ya adana musu. Na uku, wanda ya fi yawa, bashin da yake bin mutane, mafi akasari hatsi ne da aka karɓa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba.

A wannan kashi na uku, sunaye 30 da 'yan kai suna da ɗan zagaye a gefe. Wasu bashin tun 2005, wasu na bara waccan. Da aka tara, ya kusan kai kuɗin ɗaya daga cikin mangazun biyu. Ba wanda ya san ma'anar zagayen. Wani ya ce alamar an biya ce, wani ya ce alamar bashin da ya tsufa ne, Baba yana shirin bi. Sai da aka shiga ɗakin uwargida tana takaba aka tambaye ta. Ta ce, "Waɗanga babanku ba ya tambayarsu. In sunka kawo ya amsa, in ba su kawo ba shi ke nan." Aka ce ya taɓa cewa ya yafe? Ta ce ita ba ta ji ya faɗa da bakinsa ba, kuma ba za ta ɗora masa abin da bai ce ba.

Nan maganar ta tsaya cak. Da ta ce ya yafe, da wataƙila kowa ya yi shiru ko don kunyarta. Ta ƙi, ta faɗi iyakar abin da ta sani, alhali ita ce ta fi kowa son a bar mutanen nan. Ni a wurina, wannan amsa tata tana cikin manyan abubuwan da suka faru a shari'ar gaba ɗaya.

Hujjar kowa

Malamar makarantar ta tsaya kan cewa a yafe duka. Ta ce kowa ya san halin Baba, zagayen nan wasiyya ce ko da bai furta ba, kuma bin waɗannan mutane da bashi tamkar tone masa asiri ne bayan ƙasa ta rufe idonsa. Ƙannenta biyu suka bi bayanta.

Babban ɗan ya ƙi. Kuma ina roƙon mai karatu kada ya yi saurin yanke masa hukunci, don hujjarsa mai nauyi ce. Rasuwar ta zo a mummunan lokaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take bayarwa. Garin da numfashinsa ke haɗe da Katsina da Kano kamar Maradi ya ji a jikinsa. Kayansa na maƙale, masu binsa kuɗi na buga masa waya safe da yamma, ga iyalinsa, ga gidan mahaifinsa da ya dawo wuyansa. Amma ba wannan ne ainihin ciwon ba. A zama na biyu ya fito da shi fili. Ya ce shi aka cire daga lakwal aka kawo rumfa don ƙannensa su yi karatu. Ya ce yana nan a 2005, shekarar da fari da fara suka cinye amfanin 2004, hatsi ya yi tashin gwauron zabo, iyaye mata suka cika cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF a nan Maradi da yara masu tamowa. A shekarar mangazun Baba cike suke tun kaka. Wasu suka rufe nasu suna jiran farashi, wasu suka loda zuwa Najeriya, wasu suka ba manoma buhu ɗaya a damina a biya biyu a kaka. Baba ya buɗe nasa, ya sayar da riba kaɗan, sauran ya bayar bashi, buhu a bakin buhu. "Waɗanda sunka rufe mangaza a shekaran nan," in ji shi, "su ne masu benaye a unguwar Zariya yau. Mu kuma ga mu muna gardama bisa kaye." Ya juya ga ƙanwarsa ya ce ita albashi take jira ƙarshen wata, yafiya ba za ta taɓa tukunyarta ba.

Maganar ta yi zafi, amma akwai gaskiya a cikinta. Yin alheri da dukiyar da ba kai za ka ji zafin rashinta ba abu ne mai sauƙi. Malamar da kanta ta yi shiru a nan, kuma shirun ya ƙara mata daraja a idona.

Amarya kuma, mai 'ya'ya 3, biyu daga ciki ba su balaga ba, ba ta ce a bi ba, ba ta ce a bari ba. Ta turo yayanta ya tambaya abu ɗaya: in an yafe, yaran nan da me za su tashi? Akwai kuma ɗa na uku, wanda ya daɗe a arewa wajen haƙar zinariya. Ta waya ya ce shi a ba shi haƙƙinsa cif, bai san wani zagaye ba.

Abin da Malam ya ce

Limamin unguwa, wanda shi ya yi wa marigayin salla, shi aka ɗora wa rabon. Ya bi tsarin da kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya ya sani. Ajiyar mutane ba ta cikin gado ko kaɗan, a mayar wa masu ita. Sai a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashin da ake bin mamaci, a zartar da wasiyya in akwai, muddin ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura: matan biyu su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'ya'ya kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Game da zagayen ya ce tunda ba a tabbatar mai dukiya ya yafe ba, bashin yana cikin abin da ya bari, kowane magaji yana da kasonsa a ciki. Baligi mai hankali yana da ikon yafe nasa kason, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, in an bar masa sadaka ya fi alheri. Wanda ya ce a ba shi nasa bai yi laifi ba. Kason marayu kuwa, babu mai ikon yafe shi, ko uwarsu, ko yayansu, ko shi liman.

Malamar ta ce, "Allah gafarta Malam, ke nan sai mu je mu ƙwanƙwasa wa mutanen da Baba ya rufa wa asiri ƙofa?" Ya ce ba dole ba ne. Wanda yake son a bar su, ya sa hannu a aljihunsa ya biya wa marayun kasonsu.

Wannan hukunci ya sauya maganar gaba ɗaya. Da ana gardama ne kan wa ya fi son Baba, wa ya fi sanin halinsa. Yanzu tambaya ta koma nawa kowa zai iya fitarwa.

Ajiyar makiyayi

Kafin a warware wannan, aka fara da mayar da ajiya, tunda ba saɓani a kanta. Babban ɗan shi ya ɗauki aikin. Ana cikin haka wani dattijon Bafillace ya zo daga wajen Dakoro, ya ji rasuwar a makare. Ya yi gaisuwa, ya daɗe zaune a zaure yana jan carbi, da ƙyar ya iya buɗe baki ya ce yana da 'yar ajiya wurin marigayi, jika 40, wato sefa dubu arba'in, kuɗin ɗan maraƙin da ya sayar. Ba shi da takarda, ba shi da shaida. Ina zaune a wurin. Babban ɗan ya sa aka duba littafin, aka samu sunan mutumin da garinsu, a gabansa an rubuta jika 55. Ashe ya taɓa ƙara wani abu ya manta. Ɗan bai dubi kowa ba, bai yi shawara da kowa ba, ya ƙirga jika 55 ya miƙa masa. Dattijon ya ce arba'in ne. Ya ce, "Baba, abin da ke rubuce ke nan, naka ne." A makon nan, na sani, shi kansa rance ya ci ya biya kuɗin makarantar ɗiyarsa.

Da baƙon ya tafi, kawunsu, ƙanen uwargida, ya dube shi ya ce, "Kai da ke cewa ba ka gaji Alhaji ba." Bai amsa ba. Ni dai na lura cewa abin bai zo masa a matsayin zaɓi ba sam. Bai tsaya auna riba da hasara ba, hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba gani. Mutumin da ke jin haushin halin ubansa, ga halin nan a jikinsa bai ma sani ba.

Abin da uwargida ta ɓoye shekara 18

A zama na ƙarshe kawun ya nemi izinin yayarsa ya faɗi wata magana. Ta hana, ya ce yau kam sai ta yi haƙuri. Ya tambayi 'ya'yan: a 2005, da Baba ya rabar da hatsin mangaza bashi, su me suka ci? Suka ce tuwo, kamar kullum, ba a taɓa fasa ɗora tukunya ba. Ya ce da kuɗin wa? Ba wanda ya taɓa tambayar kansa.

Uwargida tana da jajayen awaki, irin akuyar Maradi da aka san ta da yawan haihuwa da kyan fata. Ta tara su ne da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da kuma asusun ƙungiyarsu ta mata, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991. A damanar nan ta riƙa ba ƙanenta awakin ɗaya bayan ɗaya yana kai kasuwa, a lokacin da dabba ta faɗi warwas, kuɗin akuya ba ya sayen abin kirki na hatsi. Da awakin suka ƙare ta fitar da tasoshin jerenta. Ta gaya wa yara cuta ce ta kashe dabbobin. Mijinta ya sani. Daren da ya yanke shawarar buɗe mangaza ita ya fara gaya wa, ta ce ya buɗe, gida a bar mata. Kuma ba a 2005 kaɗai ba. Duk zagayen da ke cikin littafin nan, akwai cefanen da ta cike da kuɗinta a bayansa.

Daga bayan labule, ba tare da ta kama sunan ɗan farinta ba, kamar yadda ba ta taɓa kamawa ba, ta ce, "Ku gaya ma wancan, ban yi don a biya ni ba. Kuma lakwal da anka fidda shi, na sani, ban manta ba. Ya yafe muna."

Na daɗe ina tunanin wannan wuri. Duk garin ya san kirkin marigayin, an faɗe shi a wurin jana'iza, an faɗe shi a kasuwa. 'Ya'yansa ma, masu son a yafe da masu son a bi, duk a kan Baba suke magana. Ba wanda ya ambaci Inna, alhali ita ta ɗauki rabin nauyin. A gidajenmu da yawa haka abin yake. Halin uba a rumfa yake, a masallaci, a zaure, kowa na gani. Na uwa yana cikin madafa da ƙullin bakin zane, kuma sau da yawa ita da kanta ke binne shi don kada a ce mijinta ya gaza. Ɗan da ya tashi yana cewa Allah ya ji ƙan Baba, mutumin kirki, bai yi ƙarya ba, amma godiyarsa ba ta cika ba sai ya tambayi wa ya riƙe gida lokacin da Baba ke kirkin. Alƙur'ani a Suratu Luƙman, inda ya haɗa godiya ga Allah da godiya ga mahaifa, wahalar uwa ya fara ambata.

Abu na biyu da ya taɓa ni shi ne neman yafiyar da ta yi. Ba ta ce ɗanta ya yi butulci ba. Ta amsa cewa an ɗora masa kaya tun yana yaro, kuma alherin da aka yi wa mutanen waje, da ƙuruciyarsa aka biya wani sashe. Ina ganin da ba ta faɗi haka ba, da ko ya yafe bashin, da ciwo zai yafe.

Yadda aka rabu

Babban ɗan ya nemi a ba shi kwana biyu. Da ya dawo ya ce ya yafe kasonsa, kuma zai ɗauki rabin kason marayun biyu. Malamar ta ɗauki sauran rabin, za ta riƙa biya daga albashinta wata-wata, aka rubuta, liman da kawu suka sa hannu. Uwargida da sauran baligan 'ya'yanta suka yafe. Amarya ta yafe nata na tumuni bayan ta tabbata na yaranta ya tsira, babbar ɗiyarta ma haka. Ɗan da ke arewa ya tsaya kan bakansa. Aka lissafa kasonsa aka cire masa daga kuɗin ƙaramar mangaza, wadda dole aka sayar don a sallami kowa. Wasu 'yan uwa sun so su yi masa gori, liman ya hana, ya ce haƙƙinsa ya karɓa, kuma ba wanda ya san nauyin da ke kansa a can.

Sai wata tambaya ta taso wadda ban zata ba: a gaya wa masu zagayen an yafe musu, ko a yi shiru kamar yadda Baba ya yi? Malamar ta so a yi shiru. Liman ya ce a'a, mutum ya san ana binsa bashi, yana kwana da shi yana tashi da shi, wani ma yana tsoron ya mutu da shi a wuya, a sauke musu. Uwargida ta yarda, amma ta gindaya sharaɗi: ba aike, ba waya, ba taro. A je wa kowa shi kaɗai, bayan sallar isha'i, yadda Alhaji ke kai wa mutane hatsi ba wanda ya gani.

Babban ɗan da ƙanensa suka yi ta zagaye a kan babur har bayan ƙaramar salla, cikin gari da ƙauyukan Madarunfa da Jiratawa. Ba duka ne suka yi daɗi ba. Mutum biyu sun musanta bashin tun kafin a gama magana, ɗaya har da faɗa. An tarar wasu sun rasu, aka gaya wa 'ya'yansu. Wani manomi ya ƙi karɓar yafiyar, ya ce shi ba a kai shi nan ba, da kaka ta yi ya aiko da dammunan gero a amalanke. Aka sussuka aka zuba a kason marayu, aka rage wa malamar abin da za ta biya. Wata bazawara kuma, da suka gaya mata, ta ce ita tun ranar da ta ji rasuwar ba ta yi barcin kirki ba, tana jiran ranar da magada za su zo.

'Ya'yan uwargida sun haɗa kuɗi sun saya mata jajayen awaki 3. Ta yi faɗa, ta ce ɓarnar kuɗi ce a wannan marra, sannan ta sa aka gyara musu turke.

Inda ake yanzu

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hanya ta buɗe daga baya, amma jarin babban ɗan bai koma yadda yake ba. Da mangaza ɗaya yake aiki. Tiyar Baba na rataye a rumfa, ya sayi sabuwa ya gwada ta da tsohuwar, kuma da ita kaɗai yake saye da sayarwa. Wajen bashi kuwa ya saɓa wa mahaifinsa, kuma bai ɓoye ba. Ya ware buhunan da zai iya bayarwa kowace damina, in sun ƙare sun ƙare. Yana rubuta rana da wata. Wanda ya ga ba zai iya biya ba, yakan gaya masa a take cewa kyauta ce, ya rubuta hakan a fili, don kada nasa 'ya'yan su zauna gardama kan zagaye. Kafin ya ware buhunan yakan zauna da matarsa su yi lissafin gida. Ya kuma rantse ba zai cire ɗa daga makaranta don rumfa ba. Ƙanwarsa na ganin ya tsaurara, tana cewa Baba bai taɓa mayar da mai nema hannu wofi ba. Ni ina ganin ya riƙe abin da ya kamata ya riƙe, ya kuma gyara wurin da shi da mahaifiyarsa suka ji jiki, kuma ban ɗauki wannan a matsayin raina uba ba.

Tsakaninsa da ƙanensa na arewa har yanzu da sauran sanyi. Ƙanen yana kiran Inna duk Juma'a, yana aiko mata da kuɗi, amma bai zo salla ba. Kason marayun yana hannun yayan amarya da liman, ana saya musu gero da kaka a sayar da bazara, ana rubuta komai. Gidan kansa ba a raba shi ba tukuna. Uwargida ta ce amarya da yaranta su zauna har ƙaramin ya gama makaranta, ɗan arewa kuma yana son a kimanta gidan a fitar masa da nasa. An sa za a sake zama a kan wannan bayan an gama girbi.